Yadda ake aiki da allon DNA, daga garken jar akuya da tukunyar shinkafa har zuwa kwamfuta

Ɗalibin da ya zo koyon wannan aiki, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce kullum: "Malam, ina injin yake?" Ni kuwa littafin ɗakin gwaji nake fara miƙa masa, da alƙalamin da ake rubutu da shi a jikin kwalba. Aikin yana cin makonni, amma na'urar da ke karanta allon mintuna kawai take yi, kuma abin da aka ba ta shi za ta karanta. Jinin akuyar da ya wuni a bayan mota daga kasuwar Illela zuwa cikin garin Sakkwato a watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu injin da zai gyara shi. Saboda haka zan daɗe a kan abin da ake yi kafin a kai ga inji, domin nan ne aikin namu ya fi lalacewa, nan ne kuma yake hannunmu.

Allon da kansa

Allon DNA, wanda masana ke kira maikuro'are, ɗan gilashi ne mai tsawon yatsa. An jera masa ɗige-ɗige dubbai, kowane ɗigo ɗauke da guntun sililin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin kowane mai rai, da aka san jerin haruffansa. Waɗannan guntaye su ne ƙugiyoyi. DNA silili biyu ne da suka riƙe juna, harafin A yana kama T, G yana kama C. In ka zuba samfurinka a kan allo bayan ka rina shi da rini mai ƙyalli, kowane silili zai nemi ƙugiyar da ta dace da shi ya manne. A wanke saura, a haska da leza, ɗigon da ya kama abu ya yi haske. A 1995 ne Mark Schena da Patrick Brown da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga aikin da ya yaɗa wannan hanya, kuma da wani ɗan tsiro suka gwada, Arabidopsis, da ƙwayoyin gado 45 kacal, wato sassan DNA masu tsara halayen mai rai. Yau allo ɗaya na shanu yana ɗaukar wurare sama da 770,000.

Allon iri biyu ne, kuma wajibi ne ka san wanda kake bukata tun kafin ka sayi ko safar hannu. Na farko yana auna waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka suna aiki a wani lokaci, misali a ganyen shinkafar da ƙishirwa ta kama. Wannan da RNA ake yinsa, wato kwafin saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki. Na biyu yana duba bambancin harafi ɗaya tsakanin dabba da dabba ko iri da iri, abin da ake rubutawa SNP. Wannan da DNA ake yinsa. Ra'ayina a fili yake: a wajen auna aikin ƙwayoyin gado, hanyar karanta jerin RNA kai tsaye ta sha gaban allo, kodayake allon ya fi sauƙin koyarwa da sauƙin lissafi. A wajen kiwo da zaɓen iri kuwa, allon SNP yana nan daram. Akwai na shanu mai wurare kimanin 54,000, na awaki mai kimanin 53,000, da na wake mai 51,128. Ga mai son sanin abin da ya bambanta jar akuyar Sakkwato da doguwar akuyar Sahel, ko Gudali da Bunaji, wannan ne makaminsa.

Mataki na farko: tsara gwajin a takarda

Rubuta tambayarka cikin jimla ɗaya. In ba ta shiga jimla ɗaya ba, ba ta nuna ba tukuna.

Sai maimaici. Ganye uku daga tsiro ɗaya ba samfuri uku ba ne, tsiro ɗaya ne aka tambaya sau uku. Mafi ƙaranci shi ne tsiro uku daban a tukwane daban ga kowane ɓangare, huɗu ko biyar sun fi kwanciyar hankali. A dabbobi kuwa kada ka ɗebi awaki 20 a gida ɗaya ka ce ka wakilci jar akuya. Bunsuru ɗaya ne uban rabinsu. Ɗauki ɗaya ko biyu a kowane gida, ka canza unguwa, ka canza ƙauye, daga Wurno zuwa Bodinga zuwa Gwadabawa. Ka nemi izinin kwamitin kula da ƙa'idojin bincike na makarantarka tun yanzu, domin mujallu suna tambayar lambarsa. In kuma samfurin zai fita ƙasar waje, akwai yarjejeniyar miƙa samfur da ake sa wa hannu tsakanin makarantu biyu, da takardar izini daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS. Waɗannan takardu suna cin lokaci, a fara su da wuri.

Mataki na biyu: ɗibar samfur

A dabba, fara da mai dabbar. Ka yi sallama, ka zauna, ka ce: "Baba, jini kaɗan za mu ɗiba a wuya, bai kai cokali ba, kuma likita ne zai ɗiba." Ka gaya masa abin da za a yi da shi. Ka tambaye shi uwar akuyar, da inda aka samo bunsurun, da sau nawa ta haifi tagwaye. Makiyayi ya san zuriyar garkensa fiye da yadda kake zato, kuma bayaninsa zai yi maka amfani ranar da kwamfuta ta nuna dabbobi biyu 'yan'uwa ne.

Ana ɗibar mililita 3 zuwa 5 daga jijiyar wuya a cikin kwalba mai murfi launin shunayya, wato mai sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa. Guji mai koren murfi, sinadarin hefarin da ke cikinta yana hana inzayim, wato sinadaran da ke sarrafa DNA, aiki daga baya. Juya kwalbar a hankali sau takwas zuwa goma, kada ka girgiza. Rubuta lamba a jikinta kafin ka saki akuyar, ba bayan ka koma inuwa ba. A sa a kula mai ƙanƙara, a raba kwalba da ƙanƙara da ɗan kwali. In kaza ce ko zabo, ɗigo kaɗan ya isa, domin jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsaye suna ɗauke da DNA, na akuya da saniya kuwa babu, a fararen ƙwayoyi kaɗai ake samu. Inda tafiya ta yi nisa babu ƙanƙara, ɗan guntun fatar kunne a ruwan adanawa, ko gashin wutsiya da aka tuge da saiwarsa aka sa a ambulan na takarda, sun fi jini jure hanya.

Ganyen da za a ciro DNA ba shi da wahala: ƙaramin sabon ganye, a busar da shi cikin leda mai zif tare da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. RNA ne mai rigima. Tsiro yana jin an yanke shi, cikin mintuna ƙwayoyin gadon rauni za su farka, sai ka wayi gari kana auna zafin almakashinka maimakon ƙishirwa. Don haka ganye ɗaya a matsayi ɗaya a jikin kowane tsiro, a sa'a ɗaya ta yini, kuma daga almakashi sai cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Daga nan sai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri. Wanda bai samu naitirojin ba, ya yi amfani da ruwan RNAlater: a yanka ganyen ƙasa da rabin santimita, a nutsar da shi cikin ruwan da ya ninka shi sau biyar, ya kwana a firji kafin a daskarar. Ka riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin da mu take: ruwan yana kare RNA mako ɗaya a digiri 25, amma kwana ɗaya tak a digiri 37. A bazarar Sakkwato, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska ya fi kusa da na biyun.

Mataki na uku: cirowa da aunawa

Ana niƙa ganye a ƙaramin turmi da taɓarya da aka sanyaya, ana ƙara naitirojin har ya zama gari, kada a bari ya narke ko sau ɗaya. DNA na tsiro ana ciro shi da sinadarin CTAB, RNA da sinadarin TRIzol ko akwatin kayan aiki na kamfani, sannan a bi shi da inzayim mai cinye ragowar DNA. Maƙiyin RNA wani inzayim ne da ke jikin fata da gumi da ƙura. Ka shafi goshinka da safar hannu, canza ta. Ka ɗauki waya, canza ta.

Daga nan awo uku, kuma ban yarda a tsallake ko ɗaya ba. Na farko tsabta: a na'urar NanoDrop, mai auna hasken da samfur ke sha a zango daban-daban, rabon zangon 260 da 280 ya zama kusan 1.8 ga DNA, kusan 2.0 ga RNA, rabon 260 da 230 kuma ya kusanci 2.0. In na biyun ya faɗi ƙasa sosai, akwai ragowar gishiri ko fenol ko sitacin ganye, a sake wankewa. Na biyu yawa: NanoDrop yakan ƙirga har da datti, don haka a tabbatar da na'urar Qubit. Na uku lafiyar sililin: a gudanar da shi a jel, wato daskararren sinadarin da lantarki ke jan silili ta cikinsa, ya rarrabu gwargwadon tsawo. DNA mai kyau layi ɗaya ne mai kauri can sama. In ka ga ya zubo ƙasa kamar hayaƙi, ya karairaye. RNA mai kyau yana nuna manyan layuka biyu, a ganye kuma za ka ga ƙarin ƙananan layuka daga ɓangaren da ke ba shi kore, wannan ba lalacewa ba ce. Inda akwai na'urar Bioanalyzer, tana ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma daga 7 zuwa sama ake so.

Na taɓa ganin ɗaliba da ta yi wata biyu tana renon shinkafa a tukwane, wuta ta ɗauke daren Juma'a, firiza ya narke, aka dawo da wuta ya sake daskarewa kafin Litinin. A ido babu abin da ya canza. Jel ne ya faɗi gaskiya. Tun daga ranar nake sa a daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora tsabar kuɗi ta ƙarfe a kansa, a ajiye cikin firiza. In an buɗe an tarar da tsabar a gindin kofi, an san abin da ya faru.

Mataki na huɗu: hanyar allon SNP

Wannan zan wuce shi da sauri, domin na'urar iScan ta kamfanin Illumina tana da tsada, kuma mafi yawanmu faranti muke shiryawa mu aika wa cibiyar da ke da ita. Ana bukatar nanogiram 200 na DNA, wato maikurolita 4 mai ƙarfin nanogiram 50 a kowace maikurolita. Can za a ninka DNA ɗin a digiri 37 na sa'o'i 20 zuwa 24, a gutsuttsura shi, a ɗora a allo a digiri 48 ya kwana, a ƙara harafi ɗaya mai rini a bakin kowace ƙugiya, a karanta. Kwana uku ke nan.

Naka aikin shi ne farantin mai rijiyoyi 96. Kada ka jera jajayen awaki a layukan sama, na Sahel a na ƙasa. Gauraya su, domin in wani allo ya samu matsala, kada matsalar ta fito da kamannin bambancin jinsi. Ka kuma sa dabba ɗaya sau biyu da lambobi daban ba tare da ka faɗa ba. In sakamakon biyun ya zo iri ɗaya, ka samu shaidar aikin ya tafi daidai.

Mataki na biyar: rini da ɗorawa a allon RNA

Nan ne hannu ke koyon aiki, don haka a natsu. Zan bi tsarin allon Agilent mai gida huɗu a gilashi ɗaya, kowane gida da ɗigo kimanin 44,000, ƙugiyoyinsa masu haruffa 60.

Ana farawa da RNA kaɗan, bai wuce nanogiram 200 ba. A mayar da shi DNA a digiri 40 na sa'o'i biyu, sannan a sake kwafo RNA mai yawa daga gare shi, wasu sa'o'i biyun, rini yana shiga cikin sililin yayin kwafowa. A misalin shinkafa da ƙishirwa, shinkafar da aka shayar ta samu rinin Cy3, wanda ke fitowa kore. Wadda aka hana ruwa ta samu Cy5, mai fitowa ja. A wani gidan kuma a musanya, domin rinin biyu ba sa kamawa daidai wa daida, kuma musanyar ce ke raba halin rini da halin tsiro. Daga lokacin da aka buɗe rini, a rage fitila, a naɗe kwalabe da takardar alminiyam.

A tace, a auna, a ɗauki nanogiram 825 daga kowane launi a haɗa. A gutsuttsura a digiri 60 na minti 30 cif, da agogo a hannu, sannan kan ƙanƙara nan take. A zuba ruwan haɗi, a gauraya da fifet, wato bututun awon ɗigon ruwa, a hankali ba tare da kumfa ba.

Yanzu ɗorawa. Akwai gilashin ƙasa mai zoben roba huɗu. A ɗiga maikurolita 100 a tsakiyar kowane zobe, kada bakin fifet ya taɓa robar. Allon yana da fuska da baya: gefen da aka rubuta sunan kamfanin shi ne mai ƙugiyoyi, shi ke kallon ƙasa, gefen mai lambobi yana kallonka. Riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, ka sauke shi a miƙe sau ɗaya. In ya sauka, ya sauka, kada ka ɗaga don gyarawa. A ɗaure maƙallin ƙarfen, a juya shi a tsaye a ga kumfar da ke ciki tana yawo. Kumfar da ta maƙale wuri ɗaya za ta bar tabo inda babu abin da ya manne, sai a ɗan buga shi a tebur har ta motsa. Ina sa ɗalibai su yi wannan sau goma da tsohon gilashi da ruwan shayi kafin su taɓa allon gaske.

Sai tanda mai juyawa: digiri 65, juyi 10 a minti, sa'o'i 17. Ka lissafa da kanka. In ka saka ƙarfe huɗu na yamma bayan la'asar, ƙarfe tara na safe za ka cire. Tsawon wannan dare wuta ba za ta yanke ba. Kafin ka buɗe rini, ka tabbatar da man janareta, ka gwada inbata, ka san wanda zai kwana kusa. Ka kuma sa ruwan wanki na biyu a digiri 37 tun daren, domin da ɗuminsa ake bukatarsa.

Mataki na shida: wanki da karantawa

A raba gilasan biyu a nutse cikin ruwan wanki na farko, kada iska ta taɓa fuskar allon. Minti ɗaya a ruwan farko, minti ɗaya a na biyu mai ɗumi, a zaro a hankali yadda ruwan zai sauka da kansa ba ɗigo. Daga nan sai sikana ba tare da jira ba. Leza mai tsawon zango nanomita 532 tana tada kore, ta wajen 635 tana tada ja.

Abu biyu ke cutar da allo a wannan ɗan tsakani. Iskar ozon, wadda hayaƙin injuna da zafin rana ke haifarwa, tana cinye jan rini cikin ɗan lokaci. Sai ƙura. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa tana sauka a gilashi ta yi ƙyalli kamar tauraro, ta rufe ɗigo da yawa. A rufe tagogi, a goge tebur da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kashe fanka, a yi amfani da safar hannu marar hoda.

Mataki na bakwai: lissafi

Kafin lambobi, kalli hoton da idonka. Ɗigo ja, ƙwayar gadon ta fi aiki a shinkafar da ke jin ƙishirwa. Kore, ta fi aiki a wadda ta sha ruwa. Rawaya, daidai suke. In gefe ɗaya na allon ya fi haske, ko akwai zoben kumfa, rubuta a littafi.

Manhajar R kyauta ce, haka ƙunshin limma da ake aiki da shi a cikinta. Ana cire hasken bango, a daidaita launukan biyu, a fitar da rabon ja da kore. Ga inda ɗalibai ke faɗawa rami: in ka gwada ɗigo 44,000 da ma'aunin 0.05 da aka saba, wato yarda da kuskure 5 cikin 100, kimanin 2,200 za su fito kamar sun bambanta ko da babu bambancin komai. Saboda haka ake gyara da hanyar Benjamini da Hochberg ta 1995, kuma da gyararren adadin kaɗai ake yanke hukunci. Bayan haka a zaɓi ƙwayoyin gado biyar zuwa goma a sake auna su da qPCR, wata hanya ta daban mai auna ƙwayar gado ɗaya-ɗaya.

A bayanan SNP manhajar PLINK ake amfani da ita. Ita ta ɗauka mutum kake bincika, sai ka gaya mata akuya da saniya suna da tagwayen kuromosom, wato ƙunshin DNA, guda 29 ban da na jinsi, in ba haka ba ta rikita lissafin. A cire dabbar da aka karanta ƙasa da kashi 90 cikin 100 na wurarenta. A duba ko wadda aka rubuta mace ta fito mace, domin nan ake kama kwalaben da aka musanya a kasuwa.

Akwai abin da nake so kowane ɗalibin Tsangayar Noma ko ta Likitancin Dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya sani kafin ya fassara sakamako. Allon shanu na farko an gina shi galibi da bayanan shanun Turai marasa tozo. In ka ɗora Gudali a kai, wurare da yawa za su nuna babu bambanci tsakanin dabbobi, sai mai gaggawa ya rubuta cewa shanunmu ba su da yalwar gado, alhali allon ne bai tambayi inda yalwar take ba. Haka allon shinkafa: an tsara shi da irin Nipponbare na Japan. In ka ɗora shinkafar Afirka ta asali, wadda nau'i ce daban, ɗigon da ya yi duhu yana iya zama ƙugiya ce ba ta dace ba, ba wai ƙwayar gadon ta yi barci ba. Rubuta wannan a cikin kundinka da bakinka kafin mai jarrabawa ya tambaye ka.

Wanda bai da kuɗin allo tukuna, ya fara daga wannan mataki na ƙarshe. Rumbun GEO na cibiyar NCBI a Amurka yana ɗauke da bayanan gwaje-gwaje dubbai, kyauta, har da na shinkafa a lokacin fari. Shiga, nemo gwaji ɗaya mai maimaici uku ko fiye, danna GEO2R, raba samfuran gida biyu, ka ga jerin da zai fito. Sannan sauke ɗanyen bayanan ka sake lissafin da hannunka a R, ka gwada ko za ka samu abin da masu aikin suka samu. Ka kuma karanta bayanin da suka rubuta a kan kowane samfur: irin shuka, shekarunta, sa'ar yanka, hanyar cirowa. Ƙa'idar MIAME ta 2001, wadda ta tsara bayanan da za a bayar kan kowane gwajin allo, ita ce ta wajabta wannan, kuma ranar da za ka ɗora naka bayanan, waɗannan layukan za a ce ka cike, daga littafin nan da aka miƙa maka ranar farko.